Wutar da Ba a Iza Ta

Ardith Caudill ta shekara saba'in da takwas a duniya, kuma tun tana 'yar shekara tara ba ta taɓa wayar gari ba ta hura wuta ba. To sai ga shi a sanyin bara santsin ƙanƙara ya kwashe ta a matakalar bayan gida, tana rungume da faskare. Ba ta karye ba, amma sai da ta yi awa biyu a kwance kafin mai raba wasiƙu ya ji muryarta. Ita dai har yau cewa take hutawa ta yi. 'Yarta Tresa, wadda ke aikin jinya a can birnin Dayton, ba ta ga abin dariya a ciki ba.

"Mama, magana ɗaya ce," in ji Tresa a waya. "Kin gama ɗaukar itace. Ko a sa miki murhun gas, ko ki dawo wurina. In na zo Bikin Godiya na tarar da abin da bai kwanta min ba, tare za mu juyo, kuma ba wasa nake ba."

Ardith ta san ba wasa take ba, don ita ta haife ta, kuma taurin kan a nono ta sha shi. Ta kuma san ɗakin da aka tanadar mata a Dayton, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Nan kuwa, a ƙarshen kwarinmu na yankin Letcher, mijinta marigayi Hobart ne ya gina gidan da hannunsa, kabarinsa ma yana kan tudu, daga tagar kicin take gaishe shi kowace safiya. A raba ta da nan, ai gara a ce mata ta kwanta ta mutu. Saboda haka ta haɗiye abin da ke bakinta ta ce a kawo gas ɗin.

Ranar Juma'a, saura kwana shida bikin, wanda iyali ke haɗuwa su ci talo-talo, Verlin ya iso da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Ƙanin Hobart ne, shekara arba'in yana aikin bututun gas, yana da lasisinsa, kuma tun ranar da aka kawo Ardith gidan nan amarya suke tsokanar juna, ba a taɓa yin sulhu ba.

"Matar yaya, an ce kin tsufa."

"Wanda ya ce maka ya manta bai ba ka madubi ba. Goge ƙafarka kafin ka shigo."

Tsohon bututun hayaƙin gidan ya tsage tun daga ciki, don haka Verlin ya toshe shi gaba ɗaya. Murhun da ya kawo irin wanda ba ya buƙatar mafitar hayaƙi ne: gas ɗin na ƙonewa tas, ɗumin duka ya tsaya a ɗaki. Ya auna falon tsawo da faɗi da bisa, ya yi lissafi a bayan ambulan, ya ce iskar ɗakin ta isa, amma kada ta riƙa rufe ƙofar da ke tsakanin falo da kicin. Ya ja bututu daga tankin gas da aka ajiye a bayan gida, ya bi da shi ta ƙarƙashin daɓe yana nishi yana zagin gwiwoyinsa. Da ya gama ɗaurewa, sai ya ce ta ba shi ruwan sabulun wanke-wanke.

"Yau kuma wanka za ka yi? Bari in kira fasto ya shaida."

"Kawo dai."

Ya bi kowace mahaɗa yana shafa mata ruwan sabulu, ya tsura ido. A ta uku kumfa ta taso tana hura kanta. Ya nuna mata da yatsa, ya ƙara ɗaurewa da sifana, ya sake shafawa, shiru. Wannan ya burge Ardith, amma ko kusa ba ta nuna ba.

Rigimar farko a kan kantar saman murhu aka yi ta. Katako ne mai kauri da Hobart ya fere, a kansa hotunan iyali suke jere. Verlin ya auna ya ce ta yi kusa da bakin murhu da inci uku, zafi zai gasa ta.

"A taɓa kantar nan, a taɓa ni," in ji Ardith.

"Wa ya ce zai taɓa miki? Na san da wa nake aiki." Ya fita mota ya dawo da wata baƙar rumfar ƙarfe, ya kafa ta a saman bakin murhun don ta riƙa turo zafi cikin ɗaki. Ya sake aunawa, ya duba littafin da ya zo da murhun, ya ce yanzu ya yi. Sannan ya maƙala 'yar farar na'ura a bango, ya ce in iska ta gurɓace za ta yi ihu, in ta yi ihu kuwa a kashe wuta a fita waje, ba a tsaya muhawara da ita.

Daga ƙarshe ya kwance itatuwan da suka zo tare da murhun. Guda biyar ne, na gasasshen yumɓu, an yi musu ɓawo da tabon ƙuna har ka rantse daga dawa aka saro su. Kowane yana da rami a ƙasa, kowane rami da ƙusar da zai zauna a kai. Verlin ya jera su yana kallon hoto a littafi, a hankali kamar mai jera ƙwai. Ardith ta tsaya a bayansa ta riƙe ƙugu.

"Wanda ya tsara wutar nan bai taɓa jin sanyi ba," ta ce. "Ina aka taɓa sa babban gungume a gaba? Babba a baya yake zama, ƙanana a gaba, a gicciya ɗaya a sama. Ko jaririn gidan nan ya san haka."

"Ba itace ba ne, Ardith. Ado ne. An jera su ne yadda harshen wuta zai bi ta tsakaninsu bai taɓa ko ɗaya ba. Ki saurare ni da kyau: ba a taɓa su, ba a iza su, ba a jefa musu takarda ko ɓawon lemo. Kyandir ɗin nan naki mai ƙamshi ma ki kai shi wani ɗaki."

"Na ji, Malam Littafi."

Suka buɗe tagogi duka, ya kunna. Ya ce sabon murhu sai ya yi awa uku yana ci kafin warin fentinsa ya fita. Suka zauna a kicin cikin rigunan sanyi, ta zuba masa wake da burodin masara, ya ci kwano biyu yana cewa gishiri bai ji ba. Kafin ya tafi ya koya mata kunnawa da kashewa sau huɗu, har sai da ta ce in ya sake maimaitawa za ta jefe shi da cokali.

Washegari Asabar ta tashi da sassafe yadda ta saba. Ta sa takalmin waje, ta kai hannu ga bokitin toka, sai ta tuna. Ta cire takalmin, ta je ta murɗa maɓalli, wuta ta tashi fau, shi ke nan an gama. Ko ruwan kofi bai yi zafi ba. Ta zauna ta zuba wa wutar ido. Ɗumi kam akwai, ba ta isa ta musa ba. Amma harsunan gajeru ne, shuɗi-shuɗi daga ƙasa, kowane a wurinsa, ba ƙara ba tartsatsi. Ga kuma gungumen nan zaune a gaba yana tsone mata ido. Ta juya kujera don kada ta gan shi, amma sabo turken wawa, wuyanta ya riƙa juyawa da kansa.

Ta daure har bayan azahar. Sannan ta kashe murhun, ta bari ya huce sarai, don ita ba mahaukaciya ba ce, ta durƙusa ta zare itatuwan daga ƙusoshinsu. Babba ya koma baya, ƙanana suka dawo gaba, ta gicciya ɗaya a sama yadda uwarta ta koya mata. Da ta kunna, kai! Harsuna suka miƙe dogaye jajaye suna lasar itace suna rangaji. Ardith ta ji daɗi har cikin ranta, irin daɗin da ta kwana biyu ba ta ji ba.

"Yauwa," ta ce da hoton Hobart. "Ka ga wuta ko? Ƙaninka dai littafi ya iya."

Lahadi bayan coci ta gayyato mata biyu suka sha kofi, suka yaba. Litinin ta fyace majina ta ga baƙi a hankici, ta ce ƙurar shara ce. Talata da rana tana fere tuffa sai kanta ya fara sara mata, ba a jima ba na'urar bango ta fasa ihu. Abu na farko da ta yi shi ne jefa mata tsumman goge kwano. Na'urar ba ta ji kunya ba, ta ci gaba. Ardith ta tsaya ta kalle ta, ta tuna awa biyun nan a kan ƙanƙara. Ta kashe murhu, ta buɗe ƙofar gaba da ta baya, ta ɗauki wayarta da bargo ta fita baranda.

Sai da ta leƙo ta taga, hasken rana na dukan bangon, ta ga abin da ta kwana uku ba ta lura da shi ba. Farin bangon da ke saman kanta ya yi baƙi har rufi, kunkunniya ta bi kusurwoyi, gilashin hoton Hobart ya dushe.

Verlin ya iso cikin minti ashirin. Bai gaishe ta ba. Ya dube ta sama da ƙasa, ya tambaye ta ko tana jin jiri ko tashin zuciya, ta ce ciwon kan ma ya sauka. Ya ce duk da haka asibitin gari za su fara zuwa, kuma bai tsaya jin ra'ayinta ba. Aka duba ta aka ce ta auna arziki, ta tafi gida. Sai da suka dawo ya shiga falo, ya tsaya gaban murhun, ya cire hularsa ya sosa sanƙo.

"Ikon Allah. Itatuwan nan ƙafa suka yi?"

"Ƙila kyanwa ce."

"Kyanwarki ta mutu shekara uku ke nan." Ya juyo, fuskarsa ba alamar wasa. "Harshen wuta in ya taɓa yumɓun nan sanyi yake yi, ba ya ƙone gas ɗin duka. Ragowar ita ce baƙin nan da kike gani, da kuma wadda ba kya gani, mai kashe mutum yana zaune a kujerarsa. Kin binne min yaya, ba ki isa ki sa in binne ki a kan jeren itace ba."

Ardith ta dubi baƙin bangon. Can ta ce, a hankali, "Jibi Tresa za ta zo."

"Na sani."

"In ta ga bangon nan, na bar gidan nan ke nan."

Ya daɗe yana jujjuya hula a hannu. "Zan taya ki gyara bango, don dama sai an gyara shi. Ba zan kai ƙararki ba. Amma in yarinyar nan ta dube ni ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba. Ki san wannan tun yanzu."

A ranar ya kwashe itatuwan ya goge su da burushi mai laushi, ya share ramukan fitar gas, ya mayar da kowane kan ƙusarsa, ya gwada iskar ɗakin da na'urarsa har sau biyu. Laraba da safe ya dawo da gwangwanayen fenti. Kafin ya iso Ardith ta riga ta gwada wanke bangon da ruwa, ta mayar da tabo ɗaya ya zama taswira. Ya ce mata ita dai in ba ta taɓa abu ba hannunta ƙaiƙayi yake. Suka sauke hotuna, suka shimfiɗa tsofaffin jaridu, ya hau tsani, ita tana riƙe masa tana gaya masa inda ya tsallake.

Suna cikin shafi na biyu suka ji ƙarar mota a tsakuwar ƙofar gida. Ardith ta leƙa. Tresa ce da mijinta Kendall, sun iso kwana guda cur kafin lokaci don gudun cunkoson hanya. Kendall ya buɗe bayan motar yana fito da talo-talon biki, a nan ne idon Ardith ya sauka a kan abin da ke ƙarƙashin jakunkuna: kwalaye ne sababbi, a ninke, an ɗaure su da igiya, sun kai ashirin. Ba a zuwa cin talo-talo da kwalaye ashirin. Na kwashe kayanta ne.

Tresa ta shigo ta rungume uwarta, ta gaida baffanta da ke saman tsani, sannan ta shaƙi iska. Ta dubi tagogi a buɗe, ta dubi jaridu, ta dubi kusurwar rufin da burushi bai kai ba tukuna.

"Fenti ana gobe biki? Baffa Verlin, me ya faru a ɗakin nan?"

Verlin ya buɗe baki. Ardith ta riga shi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Bar baffanki, aikinsa ba aibu. Ni ce. Ya ce kada in taɓa itatuwan, na taɓa. Na jera su yadda ake jera wuta. Bango ya yi baƙi, abar can ta yi ihu jiya, na kashe na fita na kira shi, ya kai ni asibiti, sun ce lafiyata lau. Shi ke nan, ba abin da na rage."

Tresa ta nemi hannun kujera ta zauna. Ma'aikaciyar jinya ce, ta san abin da ihun nan yake nufi fiye da kowa a ɗakin. Kendall, wanda ya shigo rungume da talo-talo, ya ga yanayin fuskoki ya yi kwana ya shige kicin.

"Mama, don me? Abu ɗaya aka ce kada ki yi. Ɗaya tak! Kin san duk sanda waya ta yi ƙara a wurin aiki sai na ji kamar zuciyata za ta faɗo? Ba gidanki nake so in ƙwace ba, tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji."

"Na sani."

"To don me?"

Ardith ta dubi murhun.

"Shekara sittin da tara ina tashi in hura wa mutane wuta," ta ce. "Na hura wa ubana, na hura wa ubanki, na hura muku ku huɗu kuna kwance kuna jiran ɗaki ya yi ɗumi. Duk kun tafi, wutar ce kaɗai ta rage da in ban tashi ba ba za ta tashi ba. Wannan kuwa ba ta buƙata ta, Tresa. Ko kare aka koya wa maɓallin zai iya. Na ji haushi ne, shi ya sa. Ba zan ƙara ba. Na ga abin da na jawo, kuma na tsorata, in kina son ki ji na faɗa."

Tresa ta share ido da bayan hannu, ta ɗaga kai wajen baffanta.

"Ita ta kashe da kanta? Ita ta kira ka?"

"Ita ce. Na tarar da ita a baranda cikin bargo, ƙofofi a buɗe. Na sha zuwa gidajen samari masu digiri da suka cire wa abar nan batir suka koma kallon ƙwallo." Ya tsoma burushi a gwangwani. "Taurin kai kam akwai, ke ma shaida ce, gado kika yi. Amma hankalinta ɗaya. Kuma duk Juma'a zan riƙa zuwa ina ƙirga itatuwan nan, in dai za a gyara gishirin waken."

Tresa ta tashi ta je gaban murhun ta durƙusa, ta ɗauki littafin, ta bi hoton da yatsa tana duba kowane itace da ƙusarsa. Ta danna maɓallin gwaji na na'urar bango, ta yi ihu, Kendall ya saki wani abu a kicin. Ta daɗe tsaye a taga tana kallon tudu, ta ba su baya. Ardith ta riƙe tsani da hannu biyu, ba don tsanin ba.

"Kendall!" Tresa ta ƙwala kira. "Kwalayen nan da ke mota, fito da su."

Ardith ta rufe ido.

"Ka kai su bayan gida wajen duron ƙona shara. Mama, ina ashanarki? Je ki ƙona su, kafin in canza ra'ayi."

Ardith ta saki tsanin, Verlin ya yi tangal-tangal ya rungumi bango da ɗanyen fentinsa yana kiran sunan Allah. Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta zari rigar sanyi, ta ɗauki ashana a kicin, ta sauka matakalar bayan gida tana riƙe da ƙarfen dafawa, taki ɗaya bayan ɗaya, don ta san ana kallonta ta taga. Ta tarar Kendall ya riga ya danna kwalayen cikin duro a ninke, ɗaya kan ɗaya, yana kakkaɓe hannu.

"Kai ɗan nan, wa ya rene ka?" ta ce. "Fito da su duka. Ta ina iska za ta shiga?"